Ranar da Na Ga Surukina Yana Cin Tuwo

Shekara ashirin da 'yan kai muna zaman rumfa ɗaya da surukina a bakin ruwan Yelwa, ban taɓa ganin loma ta shiga bakinsa ba, shi ma bai taɓa ganin ta shiga nawa ba. Abin da ya ɓata mana wannan tsari wata shuɗiyar waya ce da ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, kuma ni na sayo ta da hannuna.

Sana'ata bandar kifi ce. Da dakon kwando na fara, daga bakin jirgi zuwa wurin masu banda, har Allah ya sa na tsaya da ƙafata. Na gina sito, na jera gangunan banda a gefensa, na kafa rumfa a gaba inda ake sauke kifi. Duk bayan mako biyu ko uku nakan cika mota da kwalaye in bi ta kudu har Anaca. Ba na ɓoyewa, na iya ciniki. Amma ba iya cinikina ne ke sa jirage tsayawa a gabana ba. Surukina ne.

Baba, kamar yadda kowa ke kiransa, tsohon masunci ne. Garinsu na cikin waɗanda ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse kogi a Kainji, kuma har ya tsufa yana iya nuna maka fili a tsakiyar tafki ya ce nan ne ƙofar gidansu. Da hannu ya gaza jan taru, sai kawai aka wayi gari ya zo da tabarmarsa da allurar ɗinkin koma ya zauna a rumfata. Ban ɗauke shi aiki ba, kuma ba wanda ya isa ya faɗi haka a gabansa. Masuntan da ke fitowa daga gungaye, wato tsibiran cikin tafki, da na wajen Ngaski da Shanga, rabinsu 'ya'yan abokansa ne. Inda yake zaune nan suke ɗaure jirgi. Zai ɗaga kunnen kifi ya leƙa, ya danna cikinsa da babban yatsa, ya ce wannan na safiyar yau ne, wancan ya kwana a koma. In ya faɗa, ba ni ba masunci, magana ta ƙare.

To, a wajenmu ba a cin abinci a gaban suruki, shi ma ba ka zura masa ido yana ci. Wanda ke ganin surukinsa sau biyu a shekara ba ya shan wahalar wannan. Mu kuwa kullum muna tare daga hantsi har la'asar, don haka muka sama wa kanmu hanya ba tare da mun taɓa zama mun yi shawara ba. Da rana ta take, kwano biyu ke zuwa daga gida. Sai a ajiye ɗaya a rumfa. Ni kuma in ɗauki nawa in ce, ba tare da na dube shi ba, "Bari in duba janareta."

Shi kuma ya amsa yana kallon ruwa, "A duba lafiya."

A bayan sito, kusa da janareta, akwai wani tsohon turmi da na kife. Nan nake zama in ci abincina. Kafin in sayi janareta itace nake cewa zan duba.

Abin da ya sa na sayi kyamara wuta ce. Wata tafiya ina Anaca aka cika wa ganguna itace, iska ta taso, kifin banda guda ya koma gawayi. Da na dawo kowa ya nuna ɗan'uwansa, Baba kuwa ya je jana'iza ranar. Ban kori kowa ba, amma abin ya zauna mini. A tafiya ta gaba na ga wani mai shago a can yana zaune a ciki yana kallon ƙofarsa da bayan shagonsa a talabijin. Na tambaya, aka kai ni inda ake sayarwa. Lokacin jiharmu ta Kebbi ba ta cika shekara ashirin ba, kuma ban san kowa a Yelwa da ke da irin wannan kaya ba. Na dawo da kyamara huɗu, da rikoda mai kama da akwatin bidiyo wadda ke adana duk abin da kyamarorin suka gani, da wani ɗan akwati mai fitilu da ake ce wa rawuta, da naɗin shuɗiyar waya. Mai sayarwar ya ce da waɗannan biyun na ƙarshe zan haɗa rikodar da kwamfuta, in zauna a falona ina kallon wutar banda. Ya ce in na so har daga Anaca.

Mutum ɗaya ne zai iya wannan aiki a garin, kuma rashin sa'ata taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Ya yi karatu, ya yi aikin ofis, ya buɗe shagon kwamfuta inda ake buga takardu da shiga intanet. Tun muna yara bai taɓa yi mini magana babu tsokana a ciki ba, ni ma haka.

Da ya ga kayan ya riƙe baki. "Alhaji mai ƙarni, kai da sai an karanta maka saƙon waya, mi za ka yi da wanga?"

Na ce, "Bawa ba ya tambayar ubangidansa. Ɗauki tsani."

"Wa a bawan? Bari dai in yi, don kar a ce ɗan kawuna ya sayo kaya ya dafa su da manja."

Kafa kyamarorin bai ɗauki yini ba. Ni na zaɓi wuraren da kaina: ɗaya kan gangunan banda, ɗaya ƙofar sito, ɗaya a rumfa saboda kifin da ake saukewa, ta huɗu a baya saboda janareta da jarkokin mai. Baba ya ɗaga kai ya dubi ta rumfar ya ce, "Fitila ce?" Taubashina ya ce mai gadin wuta ce, Baba. Ya ce madalla, ya ci gaba da ɗinkinsa. A nan na yi kuskuren farko. Da na tsuguna na yi masa bayani sosai, da abin bai kai inda ya kai ba. Amma doguwar magana tsakanina da shi ba abu ne da muka saba ba.

Rikodar muka kulle a ƙuryar sito, ba talabijin a jikinta. Saura haɗa ta da kwamfutar gida, wadda na saya wa mai ɗakina don makarantar Islamiyyar matan da take taimakawa. Gidana na bayan siton, lungu ɗaya ne tsakani. Taubashina ya auna da taku ya ce wayar za ta kai, don in ta wuce wani tsawo magana ba ta isa ɗaya bakin. Muka zura ta cikin bututun roba muka binne, saboda ɓeraye da awaki.

Na ɗauka daga nan sai kallo. Ashe kwana uku ke gabanmu.

Ranar farko kan wayar ne ya ƙi. A cikinta akwai 'yan sirara guda takwas, kowace da launinta, kuma dole a jera su daidai kafin a matse su cikin ɗan kan roba. Taubashina ya jera, ya matse, ya soka, fitilar rawuta ba ta kama ba. Ya yanke ya sake. Sau uku. Na ce masa in tabarau yake so in ara masa na Inna, mahaifiyarsa. Ya ce warin jikina ne ke sa masa hawaye. A na huɗu fitila ta fara ƙyaftawa, muka tafa kamar mun kama giwan ruwa.

Amma kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba.

Kashegari ya zo da littafin da ke cikin kwali, ya zauna yana karantawa ba tsokana, abin da ban taɓa gani ba. Can ya ce, "Na gane. Zo in koya maka, ko da ba za ta shiga ba. Kowace na'ura tana da lamba, kashi huɗu, da ɗigo tsakani. Kashi ukun farko kamar sunan gungu ne, na ƙarshe kuma gidan mutum. Rikodarka ta zo da lambar wani gungu tun daga inda aka ƙera ta, kwamfutarka tana wani gungun, kuma ba jirgin fito tsakaninsu."

Na ce, "To a dawo da ita gungunmu mana."

"Ka ga, da kifi aka yi maka misali har ka gane."

Sauya lambar sai an ga abin da ake rubutawa, don haka muka ɗauko talabijin ɗin falo a ka muka kai sito, ya jona, ya shiga ya sauya, muka dawo da ita. Bai yi ba. Muka sake ɗauka. Ashe lambar da ya ba rikodar ita ce ta kwamfutar, gida ɗaya mutum biyu, kowa na cewa shi ne. Ya gyara, ya kuma ɗaure lambar yadda ba za ta canza ba in an ɗauke wuta. Matan banda suna ta kallonmu muna safa da marwa da talabijin, ɗaya ta ce ko Alhaji ya koma dako ne. Da yamma kwamfuta ta ga rikoda, ta buɗe shafi, amma inda hoto zai fito fari fat. Ya ce akwai wani ɗan abu da sai ya sauko da shi daga intanet a shagonsa.

Rana ta uku ya zo da hantsi da abin a aljihu. Ya saka, ta ƙi, ya kashe ya kunna, ya cire wani abu ya mayar. Ina zaune kusa da shi a falo, har na manta da lokaci. Mai ɗakina ta aika da kwanon Baba rumfa, ta kawo namu ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Shafi ya nemi suna da kalmar sirri. Ya duba littafi ya rubuta waɗanda ta zo da su. Allo ya yi baƙi, ya rabu gida huɗu, sai ga hayaƙin bandata yana tashi a cikin falona.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Ga ganguna, ga mata suna juya kifi, ga ƙofar sito da kwaɗonta. Na ce Allahu akbar. Taubashina ya ce, "Tsaya ka ga wani abu, ana iya girmama ɗaya." Ya danna gida na uku sau biyu, ya cika allon.

Baba ne. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya naɗe hannun riga, ga tuwon shinkafa da miyar kifi a gabansa. Ya kama kan tarwaɗa da hannu biyu yana tsotsa, ido a lumshe. Ko tsakiyar kansa ban taɓa gani ba sai ranar.

Na juya na fuskanci bango. "Kashe! Kai, kashe!"

Taubashina ya faɗo daga kujera don dariya. "Ina kashewa, Alhaji, linzamin kwamfutar ne ya ɓace mini. Wayyo cikina. Kai, Baba ya iya!"

Na lalubo bayan kwamfutar ina kallon bango, na fizge shuɗiyar wayar da muka yi kwana uku muna lallashi.

Na roƙe shi ya rufe bakinsa. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da Inna. Ya rantse ba zai faɗa ba, kuma na yarda bai yi niyya ba. Sai dai a hanyarsa ta komawa ya ratsa ta bakin ruwa yana dariya shi kaɗai, aka tambaye shi dalili. Kafin la'asar labari ya gama tashar jirage. Kafin ya isa kunnen Baba an ƙara masa gishiri: wai na tara mutane a falo muna kallo, wai har a Anaca an gani.

Da safe babu tabarma a rumfa.

Ranar jirage sun tsaya bisa sabo. Kowa ya leƙa ya ce, "Ina Baba?" Na ce yana hutawa. Muka yi ciniki ba daɗi, ni in ce kifi ya kwana, masunci ya ce bai kwana ba, babu mai raba mu. Kwana na uku wasu suka fara wucewa gaba wurin wani dillali. Kwana na biyar ina tsaye ina kallon jirage na wucewa ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaga mini hannu kawai. Ba su yi mini rashin kunya ba. Wani dattijo daga cikinsu ya tsaya ya ce mini, "Alhaji, ba mu da faɗa da kai. Amma mutumin nan ubanmu ne." Rabin ganguna suka huce. Direban mota ya zo sau biyu yana tambayar ranar lodi.

Asarar kifi ta dame ni, ni ɗan kasuwa ne. Amma abin da ya fi damuna shi ne wurin tabarmar nan, inda ƙasa ta yi santsi saboda zama. Mutum ya ba ni 'yarsa, ya ba ni jama'arsa, ni kuma na saka masa da kunyata shi a bakin ruwan da ya girma.

Zuwa in ba shi haƙuri baki da baki ba zai yiwu ba, don sai na ambaci abin da na gani, wannan kuwa ya fi laifin farko. Na aika da goro da gaisuwa. Amsa ta dawo: ana godiya, ƙafa ce ke ciwo. Na sa taubashina, wanda yanzu ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen kwali, ya mayar da waya, ya shiga rikodar ta kwamfuta ya zana wani baƙin akwati a kan hoton, daidai wurin tabarma, yadda ko an kalla ba a ganin komai. Na aika aka faɗa. Amsa ta dawo: madalla, ƙafa dai ba ta saki ba.

Mai ɗakina ce auta a gidansu, don haka babu nauyin baki tsakaninta da mahaifinta. Ta shirya ta tafi ta yini. Da ta dawo ta ce, "Ba kyamarar ce ta dame shi ba. An gaya masa akwatin da ke sito yana riƙe abin da ya gani, ana iya dawo da shi a sake kallo. Cewa ya yi, wanda aka riga aka ɗauka fa, yana ina?"

Na ce, "Gobe zan shiga jirgi in jefa rikodar a tsakiyar tafki."

Ta ce, "Sai ya ce ka kai hotonsa garinsu, kakanninsa su ma su kalla. A'a. Ya ce zai zo ya ga an goge da idonsa. Sharaɗi ɗaya, kada mai gidan ya kasance a gida."

Na ce a yi da safe, a gama da wuri. Ta ce ƙafar Baba ba ta sakewa sai rana ta take. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar, kwana na tara ke nan, na tafi sito tun da hantsi na zauna a rumfa ni kaɗai. Rana ta take, ɗaya daga matan banda ta miƙo mini kwano daga gida. Na buɗe, sai ga kan giwan ruwa guda, abin da na fi so a duniya, wanda ba a cika dafa mini ba sai da dalili. Rumfa ba kowa. Ga inuwa, ga iskar ruwa, ga benci. Amma ƙafata ba ta san wannan ba. Na ɗauki kwano, na ji bakina ya ce, "Bari in duba janareta," na zaga baya na hau turmina. Haka na yi duk kwanakin nan tara, ban ma lura ba. Janareta na aiki saboda rikoda, hayaƙi na bugun fuskata, na naɗe hannun riga na kama kai da hannu biyu.

Abin da ya faru a falo daga bakin mai ɗakina da taubashina na ji shi, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Baba ya shigo da sandarsa, ya ƙi kujera, aka shimfiɗa masa tabarma. Taubashina ya tsuguna ya buɗe jerin kwanakin da rikodar ta adana, ya ce, "Baba, ga ranar nan. In buɗe ka tabbatar?"

Ya ce, "Ba sai ka buɗe ba. Na san abin da na ci."

Taubashina ya kai kibiya inda ake share komai, ya ɗauki yatsan Baba ya ɗora a kan linzami ya ce ya danna. Ya danna. Wani layi ya fara cika a hankali. Baba bai ɗauke ido ba har ya kai ƙarshe. Aka sake buɗe jerin, babu ko rana ɗaya.

"Ya tahi?"

"Ya tafi, Baba. Ko wanda ya ƙera ta ba ya dawo da shi."

"Na Anaca fa?"

"Wallahi Baba bai taɓa wuce lungun nan ba. Ga wayar, nan ta tsaya. Bakina ne ya kai shi Anaca."

Baba ya ce ya san da haka, tun yana yaro bakinsa ya fi ƙafarsa sauri.

Sai mai ɗakina ta ce a nuna wa Baba rumfarsa ya ga baƙin da aka sa. Allo ya koma gida huɗu, na abin da ke faruwa a lokacin. Baba ya dubi na ukun, ya gyaɗa kai. Daga nan idonsa ya sauka kan na huɗu. Ya matso.

"Wane ne wancan tsugune bayan inji?"

Ni na zaɓi wurin kyamarar nan, janareta na nufa, ban taɓa tunanin idonta na da faɗin da zai kamo turmi ba.

Taubashina ya haɗiye dariya ya ce, "Mai duba janareta ne, Baba."

Suka ce ya daɗe yana kallo, fiye da yadda ni na kalle shi. Ya tambayi 'yarsa, "Kullum nan yake ci?"

"Tun ranar da ka fara zama rumfar."

"Cikin hayaƙin ga?"

"Nan dai."

"Yau kwana nawa ba ni zuwa?"

"Tara, Baba."

"Kuma bai zauna rumfa ba."

"Ga shi kana gani."

Ya juya ya fuskanci bango, daidai inda na fuskanta, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya ce, "Ku rufe, ku rufe." Da aka rufe ya share ido da bakin riga, ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce wa 'yarsa, "Shekara nawa yana sayar da kifi, bai iya cin kai ba. Ya bar kumatu."

Da aka ba ni labari da yamma na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na dubi mai ɗakina na ce, ke kin san kyamarar nan na kamo turmi? Ta ce ranar farko, lokacin da nake kallon bango ina ihu, ita gida na huɗu ta riga ta kalla, ta ga turmin da kyau. Na ce, da kan giwan ruwan fa? Ta ce a kasuwa ta gan shi ya yi kyau.

Kashegari na ɗauka na riga kowa fitowa, amma na tarar da tabarma a shimfiɗe, Baba na zaune da komarsa a cinya. Na cire takalmi na tsuguna daga nesa.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Alhaji."

"Ya ƙafa?"

"Ƙafa ta yi sauƙi."

A gefensa akwai wasu 'yan zana guda biyu da ya saƙa da kaba, kowace ba ta fi faifai ba, har da igiyar ɗauri. Ya tura su gaba da sanda, yana kallon ruwa ya ce, "A sa tsani. Ɗaya gefen idon rumfa, ɗaya na bayan sito."

Taubashina da ya biyo sawu ya fara cewa ai an riga an sa baƙi a cikin kwamfuta. Na taka masa ƙafa. Shi ya hau tsanin, Baba na ƙasa yana ba da umarni: a ɗan karkata, a bar ta ta ga inda ake sauke kifi, kada ta ga tabarma. Ta bayan ma haka, ta ga jarkokin mai, kada ta ga turmi. Na je gida na duba allo. Gida na uku da na huɗu kowanne rabinsa saƙar kaba ce, sauran rabin tas. Ya fi baƙin akwatin taubashina kyau, kuma kowa na iya ɗaga kai ya ga abinsa.

Jirgin farko da ya zo wucewa ya hango farar hula a rumfa, ya rage wuta, ya juyo. Kafin azahar an hura duk gangunan.

Kallo daga Anaca kuwa, mun gwada daga baya da layin waya, taubashina ya yi ta buɗe abin da ya kira ƙofofi a cikin rawuta. Hoton kan zo guda, ya tsaya, in ga mace ta ɗaga itace, in gama sallah in dawo ba ta sauke ba. Na haƙura. Mai ɗakina ce ta zama mai kallon wuta daga falo, kuma sau biyu ta aika aka rage itace kafin a yi ɓarna. Ita ta sauya kalmar sirrin, ta ce wadda rikodar ta zo da ita duk mai littafin ya san ta. Har yau ba ta gaya mini sabuwar ba.

Ranar da Baba ya dawo, da rana ta take, kwano biyu suka zo. Aka ajiye ɗaya a rumfa. Na ɗauki nawa na ce, "Bari in duba janareta."

Ya ce, "A duba lafiya." Na yi taku biyu, sai na ji ya ƙara, yana magana da ruwa, "Kuma a matsar da turmin nan daga bakin hayaƙi. Akwai inuwa wajen ɗorawa."

Na ce, "To, Baba." Na je na mirgina turmin zuwa gindin ɗorawa, na zauna, na fara da kumatu.